Yadda kwantiti sabeya ke shirya rahoton ƙwararren shaida a rigimar kwangilar gini

Rigimar gini a kan abu uku take tashi: kuɗi, lokaci, ko ingancin aiki. Amma ko ta ina ta faro, a ƙarshe tambaya ɗaya alƙali zai yi: nawa ne? Lauya ya san doka, injiniya ya san nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, amma mai iya cewa ɗan kwangila ya yi aikin naira kaza, an biya shi kaza, saura kaza, shi ne kwantiti sabeya, wanda a sayit ake kira QS. Na daɗe ina wannan aiki. Wani lokaci ɗan kwangila ne ke ɗaukata, wani lokaci mai gini, wani lokaci kuma kwamitin raba gardama, wato masu yanke rigima a wajen kotu, shi ne ke naɗa ni da kansa. Ƙannenmu da suka fito daga ABU Zariya, ko BUK, ko Kadpoly sukan tambaye ni ta ina ake shiga wannan fanni. Ga yadda nake bi, daga ranar da lauya ya kira waya har ranar da na sauko daga akwatin shaida.

Abin da za ka tanada

Na farko kai kanka. Ka tabbata rajistarka da QSRBN, hukumar rajistar kwantiti sabeya da dokar 1986 ta kafa, tana nan daram, kuma kai cikakken mamba ne na NIQS, ƙungiyarmu da aka kafa a 1969. Lauyan ɗaya ɓangaren daga nan zai fara, domin in ya rushe cancantarka ba ya bukatar ya taɓa lissafinka. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ra'ayin wanda ya ƙware a fanninsa kaɗai ya yarda kotu ta saurara. Takardar digiri ba ta isa ba. A ganina, wanda bai taɓa auna aiki wata-wata ya fitar da kuɗin satifiket, wato takardar da ake biyan ɗan kwangila da ita, ba, bai kuma rufe asusun ƙarshe na ayyuka da dama da hannunsa ba, ya ƙara haƙuri. Hanya mafi kyau ita ce ka maƙale wa wani babba mai wannan aiki, kana yi masa awo da tsara takardu, kana bin sa zaman shari'a kana kallo. Kwas ɗin CIArb, cibiyar masu raba gardama da ke da reshe a Nijeriya, zai koya maka yadda zaman yake gudana. Mai niyyar neman aiki a Ingila ko Dubai ko Ƙatar kuwa, ya nemi shiga RICS, ƙungiyar sabeyoyi ta Birtaniya.

Sai takardu. Kana bukatar kwangilar da aka sa wa hannu da sharuɗɗanta, BOQ mai farashi (jerin sassan aikin da awonsu da kuɗinsu), zanen gini na farko da duk wanda aka sake, jadawalin aiki, umarnin akitek ko injiniya, satifiket ɗin biyan kuɗi, bayanan tarukan sayit, littafin sayit na kullum, wasiƙu, rasiɗan sayen kaya, takardun biyan lebura, da hotuna.

Kayan hannu ba su da yawa: tef mai mita 5 da mai mita 50, ko na'urar awo ta lesa, rula mai sikeli don auna zane, kalifa don auna kaurin rodi, waya ko kamara mai nuna kwanan wata, littafin awo, kwamfuta mai Excel, hular kwano da takalmin sayit, da kwafin ƙa'idar awon da aka yi BOQ ɗin da ita, wadda a Nijeriya galibi BESMM ce. In babu kalifa, tef zai ba ka zagayen rodi, ka raba da 3.14. In kamararka ba ta nuna kwanan wata, rubuta ranar da lambar ɗakin a ƙaramin allo ka sa shi cikin hoton.

1. Duba kanka kafin ka ce to

Tambayi sunayen ɓangarorin duka, da na akitek, injiniya da QS na aikin. In ka taɓa yi wa ɗayansu aiki, ko akwai zumunta, ko surukuta, ko kasuwanci a tsakaninku, faɗa tun yanzu a rubuce. Garuruwanmu kowa ya san kowa, kuma abin da ka ɓoye wani zai tona shi ranar da ya fi yi maka ciwo. Wanda ya yi QS a aikin da ake rigima a kai zai iya zama shaidan abin da ya faru, amma ba shi ne ya dace ya zama ƙwararre mai zaman kansa ba.

Daga nan ka nemi lauya ya ba ka umarni a rubuce: waɗanne tambayoyi ake so ka amsa, kuma yaushe. Ladanka ya zama na awa, ko dunƙule da aka yanke tun farko. Kada ka yarda a ce za a ba ka kashi kaza cikin abin da aka ci a shari'a. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to a wannan aiki askin da kake bin wanda ya biya ka shi ne ka gaya masa gaskiyar lissafi, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Biyanka daga aljihunsa yake fitowa, amma wanda kake yi wa aiki shi ne alƙali. A Ingila an rubuta wannan ƙarara a Sashe na 35 na ƙa'idojin shari'ar madaniyya, kuma tun kafin nan Mai Shari'a Cresswell ya zayyana shi a 1993, a shari'ar wani jirgin ruwa mai suna Ikarian Reefer da ya kama da wuta a gaɓar Saliyo. Masu raba gardama a ƙasashe da yawa har yau da wannan ma'auni suke auna mu.

2. Karanta kwangila daga bango zuwa bango

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ɗauki tef su nufi sayit kafin su buɗe kwangila. Kwangila ce ke gaya maka yadda za ka auna da yadda za ka sa farashi. Dunƙulen kuɗi aka yi, ko sake awo za a yi bayan an gama? Akwai sharaɗin tashin farashi, ko farashin a kulle yake? Yaya ake kimanta canjin aiki? Kashi nawa ake riƙewa, kuma yaushe ake sakinsa? Nawa ne tarar jinkiri a mako?

Lura da wa'adin ba da sanarwa. A tsarin kwangilar ƙasa da ƙasa na FIDIC na 1999, ɗan kwangila yana da kwana 28 daga ranar da ya san matsala ya sanar da injiniya, in ya wuce haka haƙƙinsa na neman ƙarin kuɗi ko lokaci na iya faɗuwa. Amma fa ba kai za ka yanke ko ya faɗi ba, wannan maganar doka ce. Abin da za ka yi shi ne ka ba da adadi biyu: in kotu ta ga sanarwar ta inganta, kaza, in ba ta inganta ba, kaza.

In babu rubutacciyar kwangila, wanda ya zama ruwan dare a gine-ginen 'yan kasuwa da gidajen zama, ka tattara abin da ke nuna yarjejeniya: ƙiyasin da aka rubuta a takarda, saƙonnin WhatsApp, alat na banki, littafin fomen. Sai ka kimanta aikin da farashin kasuwa na lokacin da aka yi shi, ka kuma bayyana cewa haka ka yi da dalilinka.

3. Jera takardu bisa kwanan wata

Buɗe shafi a Excel: rana, wace takarda, daga wa zuwa wa, me ta ce, tana fayil na nawa. Aiki ne mai cin rai, yakan ɗauki mako, amma a nan ake gano bakin zaren. Za ka ga ɗan kwangila na kukan an hana shi zane wata uku, alhali littafin sayit ya nuna a watannin nan birkila biyu kawai gare shi a wurin. Ko ka ga mai gini na cewa bai ba da umarnin ƙara hawa ba, ga kuma sa hannun wakilinsa a bayanan taro.

Takardar da aka rubuta ranar da abu ya faru ta fi wadda aka shirya bayan rigima ta tashi nauyi nesa ba kusa ba. Na taɓa karɓar littafin wani fomen, irin na 'yan makaranta mai layi, bangonsa ya sha siminti, wasu shafukan ruwan sama ya jiƙa tawada ta watse. Kullum yakan rubuta yawan lebura, buhun siminti nawa aka fasa, tifa nawa ta sauke yashi. Wannan littafi ya fi mini amfani a kan fayil biyar masu kyan bango da aka buga a ofis. Abin da ka nema ba a ba ka ba, rubuta sunansa da ranar da ka nema. Saƙonnin waya, imel da hotuna kuwa, tuna wa lauya da wuri cewa Sashe na 84 na Dokar Shaida na da sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga na'ura, har da takardar tabbatarwa.

4. Je sayit, gani ya kori ji

Kada ka je a ɓoye. Lauya ya sanar da ɗaya ɓangaren, su turo wakili ko nasu QS ɗin, ku auna tare, kowa ya sa hannu a kowane shafin awo kafin a tashi. Awon da aka yi tare ba a dawowa a yi musu a kansa.

Bi ginin ɗaki-ɗaki bisa tsarin BOQ. Auna tsawo da tsayin bango, cire ƙofofi da tagogi yadda ƙa'idar awo ta tanada, duba ko bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, ƙirga ƙofofin da aka kafa da waɗanda ke jingine a sito. Kayan da ke ajiye a sayit lissafinsu daban, kuma ka duba ko suna da amfani, don buhun simintin da ya daskare ya zama dutse ba kaya ba ne.

Abin da ƙasa ko kankare ya rufe, kamar fandisho da rodin cikin kankaren bene, ba za ka gan shi ba. Nemi hotunan lokacin aiki da takardar duba rodi da injiniya ya sa wa hannu kafin a zuba kankare. In babu, a nemi izini a haƙa ramin gwaji ko a fasa ɗan wuri, injiniya na tsaye. In an hana, auna daga zane ka rubuta cewa daga zane ka auna. Haka nan in mai gini ya kori ɗan kwangila ya kawo wani ya ci gaba, dole ka nemo iyakar inda na farko ya tsaya, ta hanyar satifiket na ƙarshe, hotuna masu kwanan wata, da BOQ ɗin sabon ɗan kwangilar.

Gargaɗi babba: in kalifa ta nuna maka rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, rubuta abin da ka gani da bambancin kuɗinsa. Kada ka ce ginin zai rushe ko ba zai rushe ba. Wannan bakin injiniya ne.

5. Yi lissafin, kowane kai da gurbinsa

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da aikin da aka yi. A ce BOQ ya sa bangon bulo murabba'in mita 1,200 a kan naira 9,500 kowace mita, kai kuma ka auna ka sami 1,050. Bambancin mita 150 ne, wato naira 1,425,000. In kwangilar ta sake awo ce, a cire. In dunƙule ce, sai ka duba ko ragin ya zo ne daga umarnin canji, ko aikin ne ba a kammala ba, ko tun asali BOQ ɗin ne ya yi kuskure, domin kowanne da hukuncinsa.

Sai canje-canje. Yawancin kwangiloli tsani ɗaya suke bi: in aikin iri ɗaya ne da na BOQ kuma a yanayi ɗaya, farashin BOQ; in ya yi kama amma yanayi ya sauya, a gina a kan farashin BOQ a daidaita; in babu makamancinsa, farashi na adalci da ka gina daga kaya, lebura, injin aiki da riba; in ba ya aunuwa, sai lissafin yini, wato biyan lebura, kaya da injin da aka yi amfani da su kowace rana. Ɗan kwangila zai so ya tsallake zuwa matakin ƙarshe saboda ya fi tsoka. Kada ka bi shi sai da hujja.

Tashin farashi shi ne ya fi cika teburinmu tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Tausayi zai kama ka, don na ga mutanen kirki da wannan ya karya. Duk da haka tambaya ta farko ita ce ko kwangilar ta yarda da biyan ƙarin. In ta yarda, nemo farashin tushe da aka rubuta a cikinta. A ce buhu naira 5,000 ne a tushe, ya sayi buhu 600 a kan 9,000, ƙarin ya zama naira 2,400,000. Amma ka gwada buhu 600 ɗin da aikin da aka yi a lokacin: kankaren da aka zuba da bulon da aka ɗora sun isa su cinye su? Rasiɗi na iya zama na wani sayit ɗin daban. Sannan ka duba ko sayen ya faɗo ne a lokacin da ɗan kwangila da kansa ya jawo jinkiri.

Kuɗin tsawaitar aiki nan ne aka fi yin aringizo. Sau da yawa za ka ga an ɗauki jimlar kuɗin hidimar sayit da ke BOQ, an raba da watannin kwangila, an ninka da watannin jinkiri. Hanya ce mai sauƙi amma ba ta tsayawa a gaban mai tambaya. Abin da ake nema shi ne ainihin abin da aka kashe a lokacin da jinkirin ya auku: albashin injiniyan sayit da masu gadi, hayar janareta da man da ya sha, hayar sikafol, sabunta inshora. Abin da ake biya sau ɗaya, kamar kafa ofishin sayit, ba ya ƙaruwa don aiki ya daɗe. Ƙa'idar jinkiri ta SCL, ƙungiyar masana dokar gini ta Birtaniya, wadda aka fitar a 2002 aka sabunta a 2017, a kan wannan ta tsaya. Kuɗin babban ofis kuwa akwai dabarun lissafi irin su Hudson, Emden da Eichleay, amma dabara ba hujja ba ce, sai ɗan kwangila ya nuna cewa jinkirin ya hana shi kama wani aiki. Yawan kwanakin jinkirin ma, in ba ka ƙware a nazarin jadawali ba, bar wa wanda ya ƙware, kai ka sa wa kwanakin kuɗi.

Daga ƙarshe sai abin da mai gini ke nema: gyaran aikin da ya lalace, ƙarin kuɗin kammalawa, tarar jinkiri. Cire duk abin da aka riga aka biya, har da kuɗin somin aiki da ba a gama cirewa ba. Sannan ka koma ka farauci abin da aka ƙirga sau biyu. A farkon shigata wannan fanni na taɓa sa albashin fomen ɗaya a lissafin yini na canjin aiki, na kuma sa shi a kuɗin tsawaita. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma lauyan ɗaya ɓangaren ya gano, ya shafe kusan awa a kansa, kuma daga nan duk adadin da na faɗa sai da aka dube shi da shakka. Tun ranar ba na sakin rahoto sai wani abokin aiki da bai san shari'ar ba ya bi lissafin layi-layi.

6. Zauna da ƙwararren ɗaya ɓangaren

Shirya jadawalin da ake kira Scott: kowane abu da layinsa, adadin mai ƙara, adadin wanda ake ƙara, naka, da gurbi a ƙarshe da aka bar wa alƙali. Sau da yawa kwamiti zai umarce ku ku biyu ku zauna babu lauyoyi, ku fitar da takarda ɗaya: abin da kuka yarda a kai, abin da kuka saɓa, da dalili. Ba ciniki ka je ba, kada ka ce a raba biyu don a huta. In ya fi ka hujja a wani layi, karɓa. Na sha ganin rigima mai layi 80 ta dawo 12 bayan irin wannan zama, ɓangarorin suka ga abin da ya rage bai kai kuɗin lauya ba, suka tafi sulhu.

7. Rubuta rahoton

Alƙali ba QS ba ne, rubuta yadda zai gane a karatu ɗaya. Sa wa kowane sakin layi lamba. Fara da ko kai wane ne da cancantarka, umarnin da aka ba ka, takardun da ka gani da waɗanda ba ka samu ba, ranar da ka je sayit da wanda ke wurin. Taƙaitaccen sakamako ya zo da wuri, a shafi ɗaya. Sannan kowane kai: me ake nema, me ka gano, yaya ka lissafa, nawa ka samu. Raba abin da ka gani da idonka, da abin da aka gaya maka, da abin da ka ɗauka a matsayin zato. Kowane adadi ya nuna takardar da ya fito. Inda bayanai suka yi ƙaranci, ce ra'ayinka na wucin gadi ne. Abin da ke cutar da wanda ya ɗauke ka ma ka sa shi. Awo da lissafi su tafi rataye a baya.

Lauya zai karanta daftari, kuma yana da damar ya nuna maka kuskuren rana ko inda magana ba ta fito ba. Ba shi da damar canza adadi. In ya matsa, tambaye shi takardar da ke goyon bayan abin da yake so. Ka guji kalmomi irin su zamba, cuta ko ha'inci. Rufe da bayanin cewa ka san nauyin da ke kanka ga kotu ne, ka sa hannu da hatimi da kwanan wata.

8. Ranar shaida

A babbar kotu rahotonka zai shiga ne tare da bayaninka na rantsuwa. A zaman raba gardama ƙarƙashin dokar 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, akwai sassauci, har wani lokaci a zaunar da ku ƙwararrun biyu gefe da gefe ana yi muku tambaya ɗaya. Ko wanne ne, ba a fafe gora ranar tafiya: sake karanta rahotonka da ratayensa kwana biyu kafin nan, ka san shafin kowane adadi.

Lauya zai yi tambaya, kai kuma alƙali za ka fuskanta ka amsa, a hankali, don da hannu wasu ke rubutawa. Amsa abin da aka tambaya ka tsaya. In an ce ka ce e ko a'a alhali amsar na bukatar bayani, amsa sannan ka nemi izinin ƙarawa. In an nuna maka takardar da ba ka taɓa gani ba, nemi lokaci ka karanta. In ta canza ra'ayinka, faɗa nan take. In an fita fanninka, ce wannan ba fannina ba ne. Za a yi ƙoƙarin tunzura ka, kada ka hau. Idan aka tafi hutu kana tsakiyar ba da shaida, kada ka tattauna shari'ar da kowa, har da lauyan da ya kawo ka.

9. Bayan an tashi

Aika takardar neman ladanka ba tare da jiran hukunci ba. Mayar da takardun asali ga lauya, ya sa hannu ya karɓa. Ajiye kwafin fayil ɗinka da littafin awo wuri mai kyau na wasu shekaru, domin ana iya ɗaukaka ƙara a sake nemanka. Zaman raba gardama sirri ne, saboda haka ko a takardar neman aiki kada ka ambaci sunayen ɓangarorin, ka ce kawai rigimar ginin asibiti ko ta hanya, da kimanin girmanta. In hukunci ya fito kuma an ba ka dama, karanta inda alƙali ya yi magana a kan shaidarka, ka ga wane layi ya karɓa, wanne ya ƙi, da dalilin da ya bayar.